Yadda injin bincike ke auna mahaɗan da ke shigowa gidanka na intanet, da yadda za ka tantance su da kanka

Duk wanda ya buɗe gidan yanar gizo ya ɗan kwana biyu, wata rana sai saƙo ya faɗo masa ta imel: wani bawan Allah na tallar mahaɗai dubu biyar, wai cikin mako guda za su ɗaga shi zuwa saman Google. Kafin ka ba shi amsa, gara ka san abin da injin bincike yake gani idan ya dubi mahaɗi, domin a wannan fage sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba. Mahaɗi guda daga inda ya dace yakan rinjayi dubu daga juji.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Idan na ce gida, ina nufin gidan yanar gizo gaba ɗaya da adireshinsa. Idan na ce shafi, ina nufin ɗaki guda a cikin gidan. Mahaɗi kuwa shi ne rubutun nan ko hoton da ake latsawa ya kai mutum wani shafin. Wanda ya shafe mu a nan shi ne mahaɗin da wani ya sa a gidansa yana nuno naka.

Asalin lissafin ya faro ne a jami'ar Stanford ta Amurka. A 1996 wasu ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aiki da suka kira BackRub, wanda ke bin sawun mahaɗai don ganin wa ke nuna wa. A 1998 suka bayyana tsarin PageRank, kuma a kansa aka gina Google. Tunanin daga duniyar malaman jami'a aka aro shi: takardar binciken da manyan masana suke yawan kafa hujja da ita, ita ce mai daraja. Haka shafin da shafuka masu daraja suke nunawa. Wato mahaɗi shaida ce, kuma nauyin shaida yana bin nauyin mai bayar da ita.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce wani shafi yana da daraja 10, kuma mahaɗai biyar ne kacal ke fita daga cikinsa. Kowanne zai ɗauki kashi 2. A takardar farko ta PageRank an sa wani ma'aunin ragi na 0.85 da ake ninka rabon da shi, don haka abin da zai iso gare ka 1.7 ne. Amma idan shafin nan mai daraja 10 yana da mahaɗai ɗari, rabonka 0.085 ne kawai. Tun daga nan za ka gane dalilin da ya sa shafin da ke jera sunayen gidaje ɗaruruwa ba ya ƙara wa kowa komai. Tsarin yau ya fi wannan sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, kuma tun 2016 Google ta daina nuna wa jama'a makin PageRank, amma tambayar da injin ke yi tana nan yadda take: shin mutum ne mai mutuncin da zai iya zubewa ya sa wannan mahaɗi don ra'ayin kansa, ko kuwa saye aka yi, ko na'ura ce ta watsa shi? Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na amsa wannan tambaya.

Mataki na farko: tattaro jerin

Shiga Google Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai gida yadda take ganin gidansa, ka nemi sashen da aka rubuta Links. Za ka ga gidajen da suka fi nuno ka, shafukanka da aka fi nunawa, da kalmomin da ake amfani da su wajen nunin. Fitar da jerin zuwa takardar lissafi irin ta Excel ko Google Sheets. Ka sani samfuri ne Google ke ba ka, ba duka ba, don haka in da hali ka haɗa da na Bing Webmaster Tools, takwaransa na injin binciken Bing. Kamfanoni irin su Ahrefs da Semrush da Majestic da Moz suna da nasu jerin, kowa da abin da na'urarsa ta tarar, shi ya sa alƙalumansu ba sa taɓa zuwa ɗaya.

Daga nan ka tara mahaɗan gida-gida. Wannan yana da muhimmanci. Za ka iya ganin mahaɗai 4,000, ka yi murna, ashe 3,800 daga gida ɗaya suke, inda aka maƙala sunanka a ƙasan kowane shafi. Mutum ɗaya ne ya maimaita magana sau 3,800, ba mutane 3,800 ne suka yi shaida ba. Adadin gidaje daban-daban shi ne abin dubawa.

Mataki na biyu: shin injin ma yana ƙirga shi?

Kafin ka ɓata lokaci wajen auna mahaɗi, tabbatar yana cikin waɗanda ake ƙirgawa. Buɗe shafin da mahaɗin yake, ka danna Ctrl da U don ganin rubutun da ke ƙarƙashinsa, ka nemo adireshinka. Mahaɗin da Google ke bi ba tare da matsala ba shi ne wanda aka rubuta da alamar <a> tare da href, wato kalmar da adireshin ke biyo bayanta. Wanda aka ɓoye a cikin maɓallin da sai an latsa wani shiri ya tashi, mai yiwuwa ne injin ya wuce shi bai gani ba. Duba kuma saman rubutun ko akwai kalmar noindex, wadda ke gaya wa injin kada ya sa shafin a rumbunsa. Shafin da bai shiga rumbu ba, kada ka sa ran shaidarsa za ta yi nisa.

Sai ka dubi abin da ke gaban kalmar rel a rubutun mahaɗin, domin a nan mai gida ke faɗin matsayinsa a kan mahaɗin. A Janairun 2005, lokacin da masu watsa shara suka addabi wuraren sharhi, Google da Yahoo da MSN suka amince da alamar nofollow. Ma'anarta: na sa mahaɗin nan, amma ban tsaya masa ba. A Satumban 2019 Google ta ƙaro biyu, sponsored don mahaɗin talla ko wanda aka biya, da ugc don abin da baƙi suka rubuta da kansu. Tun lokacin ta ce tana ɗaukar alamomin a matsayin ishara, ba umarni ba, wato tana iya duba mahaɗin idan ta ga dama. A aikace dai ka ɗauka ba ya miƙo daraja. Wikipedia ma nofollow take sa wa duk mahaɗan da ke fita daga cikinta tun 2007, don haka masu wahalar cusa adireshinsu a can don hawa sama, aikin baban giwa suke yi.

Kada ka raina irin wannan mahaɗi duk da haka. Idan yana kawo maka masu karatu na gaske, ya biya kuɗin sabulunsa. Kuma gidan da bai da nofollow ko ɗaya a tarihinsa, shi kansa abin tuhuma ne, don mutane ba haka suke sa mahaɗi ba. Rahoton Search Console ba ya bambance maka wanne ne nofollow, sai ka duba da idonka.

Mataki na uku: wane ne mai shaidar?

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane suka fi yin kasala. Ɗauki gidajen da ke jerinka ɗaya bayan ɗaya ka shiga, ka karanta kamar baƙo.

A ce kana da gida a kan gyara da kula da na'urorin wutar sola, kuma ka rubuta shafi mai kyau a kan yadda ake gane batirin da ya fara mutuwa. Sai ka ga mahaɗai biyu. Na farko daga shafin wani malamin koyar da aikin lantarki, a tsakiyar darasinsa kan batura, inda ya ce wanda ke son ganin yadda ake gwajin a aikace ya duba wannan bayanin. Na biyu daga wani gida da ya rubuta labari kan rage ƙiba jiya, yau kan caca, gobe kan inshorar mota, kowane rubutu kalmomi ɗari biyar, babu sunan marubuci, kuma kowanne da mahaɗi guda a sakin layi na biyu zuwa wani kamfani. Ba ka bukatar na'ura ta faɗa maka wanne ne shaidar gaskiya. Injin ma abin da yake ƙoƙarin koya ke nan: dangantakar batun shafin da naka, da dangantakar gidan gaba ɗaya da fannin da kake ciki.

Tambayoyin da zan so ka yi wa kowane gida su ne waɗannan. Yana da masu karatu, ko don injin kawai aka gina shi? Idan ka ɗauki jimla guda daga taken rubutunsa ka nema a Google, yana fitowa? Wa yake nunawa ban da kai? Wannan ta ƙarshen ita ce mafi saurin tona asiri. Gidan da ke nuna shafukan caca da na magungunan bogi, ya kuma nuno ka a gefe, ya sa ka cikin zugar da ba taka ba.

Tunanin nan yana da tushe a bincike. A 2004 wasu masana daga Stanford da Yahoo suka wallafa tsarin da suka kira TrustRank. Ana zaɓar 'yan gidaje da mutane suka tantance da hannu cewa amintattu ne, sai a bi mahaɗansu. Hujjar ita ce gidan kirki da wuya ya nuna na banza, don haka gwargwadon kusancinka da amintattun nan ta hanyar mahaɗai, gwargwadon amincin da za a ba ka. Darasin a gare ka shi ne ka dubi su wa ke nuna mai nuna ka.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane shi ne makin da kamfanoni ke ba gidaje don nuna ƙarfinsu: makin Domain Authority na kamfanin Moz ne, Domain Rating na Ahrefs ne, Trust Flow na Majestic. Google ta sha faɗin cewa ba ta amfani da su. Ƙiyasi ne, suna taimakawa wajen jera gidaje don ka san da wanne za ka fara, amma ana iya hura su kamar balan-balan, kuma masu sayar da mahaɗai sun ƙware a hurawar. Duk wanda ya fara tallarsa da cewa makinsa 70 ne, ka ce ya nuna maka masu karatunsa. Sannan ka tuna daraja daga shafi take gangarowa. Babbar jarida na iya samun shafin da aka binne can ƙasa, babu abin da ke nuna shi ko a cikin gidan, to abin da zai miƙo maka kaɗan ne duk da girman sunan.

Mataki na huɗu: a ina aka ajiye shi?

PageRank na farko ya ɗauka mai yawo a intanet yana latsa mahaɗai ne kara-zube, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Daga baya Google ta yi rajistar wata fasaha, wadda aka nema a 2004 aka amince da ita a 2010, da ke cewa mai yawon yana da hankali: ya fi latsa abin da ke tsakiyar rubutu, a sama, a fili, fiye da ƙaramin rubutun da ke can ƙasa kusa da sharuɗɗan amfani. Rajistar fasaha ba hujja ba ce cewa haka ake aiki da ita kalma da kalma, amma ma'aunin yana da sauƙin riƙewa. Tambayi kanka ko mai karatu na gaske zai latsa wannan mahaɗi. Na cikin jikin rubutu ya fi na gefe, na gefe ya fi na ƙasa, na cikin sharhin baƙi kuwa kusan babu.

Mataki na biyar: kalmomin da ke jikin mahaɗin

Injin yana ɗaukar kalmomin da aka latsa a matsayin bayanin abin da ke shafin da aka nufa. Ƙarfin wannan ya taɓa kai wa abin dariya. Daga ƙarshen 2003, mutane da yawa suka haɗa baki suna nuna tarihin shugaba George W. Bush da ke gidan yanar fadar White House da wasu kalmomin Turanci biyu masu ma'anar mummunar gazawa. Sai ga shi duk wanda ya nemi kalmomin, shafin shugaban ne ke fitowa farko, alhali babu su a cikinsa. Sai a Janairun 2007 Google ta gyara lissafinta ta kashe wasan.

'Yan kasuwa sun ga wannan ƙofa suka afka. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta fallasa yadda kantin J.C. Penney na Amurka ke zama na ɗaya a neman riguna da zannuwan gado da dardumai, saboda dubban mahaɗai da aka shuka a gidajen da ba su da alaƙa da kaya ko kaɗan. Kamfanin ya ce bai san da zancen ba, ya sallami masu yi masa aikin, amma Google ta hukunta shi da hannu, wato ma'aikatanta ne da kansu suka sauko da shi, ba na'ura ba. A wani neman jakar tafiya, ya faɗo daga na 1 zuwa na 71 cikin awa biyu. Shekara guda bayan haka, ranar 24 ga Afrilun 2012, aka saki sabuntawar Penguin, wadda ta mayar da irin wannan farauta aikin na'ura.

To yanzu koma takardarka ka jera kalmomin mahaɗanka. Idan mutane ne suka sa su don kansu, za ka ga hargitsi: sunan gidanka, adireshin tsurarsa, taken rubutun, duba nan, wannan bayanin, har da sunanka da aka rubuta ba daidai ba. Hargitsin nan shi ne alamar lafiya. Idan kuwa ka ga gidaje arba'in da ba su san juna ba duk sun rubuta batirin sola mai araha, harafi da harafi, to hannu ɗaya ne ya rubuta, kuma injin ya fi ka saurin ganewa. Babu wani kaso da aka ƙayyade wanda in ka tsaya ƙasansa ka tsira. Duk mai ba ka irin wannan lamba, daga kansa ya ƙirƙiro ta.

Mataki na shida: ja baya ka dubi hoton gaba ɗaya

Mahaɗi ɗaya ba ya faɗin komai sosai, tsarin taron ne ke magana. Nemi gidajen da suka yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya: zubi iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, masauki ɗaya (wato kwamfutar da ke ɗauke da su), suna nuna juna suna nuno ka. Wannan ita ce tawagar gidajen da mutum guda ke ginawa don ya riƙa yi wa kansa shaida. Sau da yawa tsofaffin adireshi ne da wa'adinsu ya ƙare aka saye don a ci gadon darajarsu, kamar adireshin tsohuwar ƙungiyar agaji da ya wayi gari yana tallar takalma. A Maris na 2024 Google ta sa wannan dabara a jerin laifuka da sunanta.

Dubi lokaci ma. Mahaɗai ɗari uku a rana guda ba laifi ba ne idan rubutunka ne ya yi farin jini, domin za ka ga labarin da ya jawo su da masu karatun da suka biyo. Ɗari uku a rana guda daga gidajen da ba kowa, babu dalili, wannan wani zance ne. Haka musaya: ka nuna abokin aikinka ya nuno ka, ba komai. Amma shafi guda da aka keɓe don ba ni in ba ka da gidaje ɗari, ƙa'idojin Google sun ambace shi cikin shara, tare da sayen mahaɗi da kuɗi ko da kaya ba tare da alamar sponsored ko nofollow ba, da rubuce-rubucen baƙunta, wato waɗanda mutum ke kai wa gidajen wasu su wallafa, da ake watsawa da yawa don mahaɗi kawai.

Mataki na bakwai: duba ƙofarka

Wannan gajere ne amma ya fi saurin biya. Jera shafukanka da ake nunowa ka gwada kowanne. Za ka tarar da wasu sun mutu, suna ba da kuskuren 404, wato ba a sami shafin ba, saboda ka canza adireshi ka manta. Shaida ce ta zo ƙofarka ta tarar a kulle. Yi musu turawa ta 301, wato umarnin da ke kai baƙo da injin daga tsohon adireshi zuwa sabo na dindindin, zuwa shafin da ya gaje su a batu. Kada ka kwashe su duka ka tura shafin farko, domin Google takan ɗauki hakan tamkar shafin ya ɓata ne.

Mataki na takwas: me za a yi da marasa kyau?

A nan nake so ka yi taka-tsantsan, don garin neman gira ake rasa ido. Kowane gida da ya daɗe yana da tarkacen mahaɗai da bai nema ba: gidajen da ke kwafe rubutu, jerin adireshi na na'ura, shafuka cikin harsunan da ba ka ji. Wannan ƙurar hanya ce. Tun Penguin na huɗu a Satumban 2016, tsarin ya koma yin watsi da mugun mahaɗi maimakon danne gidan gaba ɗaya, kuma a Disamban 2022 Google ta sanar cewa tana amfani da SpamBrain, na'urarta mai koyo, wajen gano masu saye da masu sayarwa ta kashe tasirin mahaɗansu. Ma'anar haka ga mai saye ita ce ya hau na ɗan lokaci, ranar da aka gano sai tsanin ya zame, kuma darajar da ta tafi ba ta dawowa. Ga wanda bai saya ba kuwa, yawanci babu abin da ya kamata ya yi. Manhajojin da ke yi wa mahaɗai jan fenti suna kiransu guba, ma'auninsu ne na kansu, kuma tsoro ne ke sa mutane biyan kuɗin manhajar. Bing ma ta cire nata kayan barranta daga mahaɗai, wato hanyar gaya wa injin ya yi watsi da wasu mahaɗan, a 2023, ta ce injinta ya iya tacewa da kansa.

Yanayi biyu ne suka cancanci ka tashi tsaye. Ko dai ka ga sanarwar hukuncin hannu a sashen Manual actions na Search Console cewa akwai mahaɗan da ba na ɗabi'a ba, ko kuma ka san a ranka cewa kai ko wanda ka ɗauka aiki kun saya da yawa. Idan haka ne, fara da rubuta wa masu gidajen su cire ko su sa nofollow, kana ajiye shaidar kowane saƙo da ranarsa. Waɗanda suka yi kunnen uwar shegu, sai ka koma ga kayan barranta da Google ta fitar a Oktoban 2012, mai suna Disavow.

Fayil ne na rubutu zalla mai ƙarewa da .txt, layi ɗaya adireshi ɗaya. Idan gidan gaba ɗaya kake barranta da shi, ka rubuta domain: sannan sunan gidan ba tare da tazara ba, kuma wannan ya fi tsintar shafuka ɗai-ɗai tunda gidan shara kullum yana haifar sababbi. Layin da ya fara da alamar # bayani ne don kanka, injin ba ya karanta shi. Fayil ɗin kada ya wuce layi 100,000 ko megabait 2. Ka lura da abu uku. Sabon fayil yana shafe tsohon ne gaba ɗaya, don haka kullum ka sauko da tsohon ka yi ƙari a kansa. Mahaɗan da ka barranta da su za su ci gaba da bayyana a rahoto, kada ka zaci bai yi aiki ba. Sannan yakan ɗauki makonni, sai injin ya sake zagayawa ta shafukan.

Idan hukuncin hannu ne, bayan ka gama sai ka aika buƙatar sake dubawa daga wannan sashen. Mutum ne zai karanta, ba na'ura ba. Faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana: an sayi mahaɗai daga lokaci kaza zuwa kaza, an tuntuɓi gidaje kaza, kaza sun cire, sauran suna cikin fayil. Amsa takan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma ba abin mamaki ba ne a mayar da buƙatar farko tare da misalan mahaɗai biyu ko uku da ka tsallake. Idan aka yi haka, kada ka cire waɗannan ukun kawai ka sake aikawa. Ɗauke su a matsayin samfuri, ka koma takardarka ka nemo duk masu kama da su.